Birkin da Ya Yi Kuka a Hanyar Mazanya

An tsinci gawar Malam Mahmudu mai kifi a gindin kwalbatin hanyar Mazanya da sassafe, bayan ruwan da aka kwana ana yi. Kekensa ya lanƙwashe, kifin da ya ɗauko daga dam ya watsu a kan burji, wasu ma ba su daina motsi ba. Masu zuwa gona sun ce sun hango jar mota ta wuce a guje ta nufi gari. Kafin hantsi duk Jibiya ta ji labari. Kafin azahar kuma ta gama yanke hukunci, ta ce ƙanena Sadiq ne.

Sunana Sa'adiyya. Na yi karatun gyaran mota a makarantar fasaha, na dawo gida na buɗe gareji a bakin hanyar Magama, inda manyan motoci ke bin layin tsallakawa Nijar. Aikin birki na fi yi. Tun ranar da na fara ɗora rigar aiki a kan atamfata mutanen garin nan ke jiran hannuna ya kashe wani, don su ce ai sun faɗa. Ban taɓa roƙon su yarda da ni ba, ban kuma taɓa sunkuyar da kai a gabansu ba.

Jajayen Golf uku ne a garin, duk na 'yan wasan mota. Akwai ta Sadiq, akwai ta Faruk mai jigilar kaya zuwa Maraɗi, sai ta Mudathir ɗan Alhaji Barmo mai manyan motoci. Duk washegarin Babbar Sallah sukan fita fili a bayan gari su yi tsere suna zagaya gangunan ƙarfe, matasa na ihu. Sauran shekara kuwa motocin na aikin yau da gobe ne. Bana an yi wasan gab da rasuwar Malam Mahmudu, kuma babu motar da ta fito ba ta daki ganga ba. Dukansu ukun bambarsu a lotse take, tayoyinsu kuma iri ɗaya, don tare suka sayo.

Abu biyu suka ware Sadiq. An gan shi a bakin gulbi yana wanke mota da safen nan, shi kaɗai. Sannan an ce Nagoggo mai bin sawu, wanda dangin mamacin suka ɗauko, ya bi sawun taya tun daga kwalbati har layinmu.

A ƙofar gida suka tare shi. Kafin Sufeto Markus ya iso da mutanensa sun riga sun fasa masa baki, sun kumbura masa ido. Daga nan suka juya kan garejina da duwatsu. Ina tsaye a ƙofa ina kallonsu har suka gaji. Wata murya daga baya ta ce dole birki ya tsinke tun da mace ce ta ɗaura. Na san mai muryar, na kuwa taɓa gyara masa babur.

Sufeto Markus mutum ne mai magana a hankali, ya daɗe a garin, Hausarsa ta fi ta wasunmu. Ya ce ya tsare Sadiq ne don kada a kashe shi, amma in aka ci kasuwar Lahadi babu wani sabon abu, dole ya tura shi Katsina da tuhumar kisa da gudu. Na leƙa ta tsakanin ƙarafan ɗakin da aka kulle shi. Sadiq ya ɗago ido ɗaya, wanda ke buɗuwa.

"Yaya, taɓo kawai na je wankewa. Ki gaya wa Inna."

Na ce na ji. Ban yi kuka ba, don akwai masu leƙe ta taga.

* * *

Nagoggo tsoho ne, gajere, ɗan asalin rugar da ta zama ƙauye a yankin Bugaje. A da sawun shanun sata yake bi, yanzu har babura. Na same shi a inuwar wani shago yana cin goro, na gaishe shi gaisuwar da ba ta da daɗi, na tambaye shi da wane ido ya ga ƙanena.

Bai yi fushi ba. Ya tofar da goro.

"Ɗiyata, ni ban ce ƙanenki ba. Na ce sawu ya hau kwalta nan bakin layinku. Kwalta ba ta riƙon sawu. Sauran mutane suka ƙarasa da bakinsu."

Na ce to me ya hana shi gyara musu. Ya ce ya gyara, ba wanda ke saurare. Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce in ina da ƙafar tafiya in biyo shi, ƙasar ba ta gama bushewa ba.

A kwalbatin ƙafafun jama'a sun ɓata wuri da yawa, amma ya san inda zai duba. Ya nuna mini da sandarsa yadda sawun motar ya taho a miƙe, tayoyin na murzawa lafiya, babu inda suka ja ƙasa, har wurin da keken ya faɗi. Sai can gaba, bayan an wuce kwalbatin, tayoyin gaba suka nutse suka yi kwari a burji. Nan motar ta tsaya. A gefen direba akwai sawun ƙafa ɗaya tak.

"Ya sauko da ƙafa guda, ya mai da ita," in ji Nagoggo. "Wanga mutum bai taka birki ba sai da ya gama kashewa."

Na tsaya ina kallon sawun ƙafar nan. Motocin nan tsofaffi ne, in ka danne birki da ƙarfi taya kan kulle ta ja ƙasa. Babu jan ƙasa kafin keken. Na kusa yarda da shi.

Daga can gefen hanya hayaƙi na tashi. Wata mata ce, Rahama, ke suyar ƙosai don masu zuwa gona. Da ta gane ko ni wace ce sai ta juya mini baya. Na zauna a kan dutse kusa da murhunta ban ce komai ba, har ta ƙosa da zamana. Ta ce ita ba ta ga komai ba, tana hura wuta ne. Ji kawai ta yi. Kafin ƙarar bugun, ta ce, motar ta daɗe tana wani kuka siriri, mai shiga haƙori, kamar ana wasa wuƙa a dutse. Ta gaya wa mutane, suka ce ai kukan taya ne.

Na tambaye ta ko ta tabbata kafin bugun ne. Ta ce har ta ɗaga kai don kukan, sannan ta ji bugun.

Nagoggo ya girgiza kai, ya ce taya ba ta kuka a jiƙaƙƙen burji. Na ce ba taya ba ce.

"Baba, ya taka birki. Tun daga nesa ya taka. Birkin ne bai kama ba."

* * *

A hanyar komawa na yi masa bayani, kamar yadda na yi wa yaran nan uku kafin Sallah, ranar da suka cika mini gareji da hotunan motocin tsere a waya.

Takalmin birki shi ne ɗan abin da ke matse farantin taya in an taka, har mota ta tsaya. Iri-iri ne. Akwai na titi, wanda ke kamawa tun daga takun farko da safe, shiru, babu kuka, amma in aka gasa shi a wasa yakan yi laushi ya saki. Akwai na tsere zalla. Shi wuta ce abincinsa, yana ƙara zafi yana ƙara riƙo. Amma da sanyi yakan zame a kan faranti yana kuka, mota ta wuce inda ka so ta tsaya, ga cin faranti, ga baƙar ƙura a wili. Sai na tsakiya, wanda zai kai ka kasuwa lafiya, ya kuma jure 'yan zagaye a fili, ko da yake a ƙarshen wasa zai fara gajiya. Na ce musu wanda ke wasa sau ɗaya a shekara, sauran kwanaki yana ratsa yara da awaki, na tsakiya ne nasa. In kuwa dole sai na tsere, a ɗaura a bakin fili, a cire a bakin fili.

Sadiq ya yi ta gardama har mutane suka taru, yana cewa tsoro ke damuna. Na ce motarsa ba za ta fita garejina da na tsere ba, na ɗaura masa na tsakiya da hannuna. Faruk ya ce shi nasa bai ƙare ba tukuna. Mudathir kuwa, mai ladabin nan, ya ce, "Anti injiniya ta faɗi gaskiya," ya karɓi na tsakiya a kwali, ya ce makanikin babansa na Katsina zai ɗaura masa.

Na koma wurin Sufeto da jak da sufana, na kwance tayar Sadiq a gabansa, na nuna masa takalmin. Ya duba da kyau, ya miƙo mini.

"Ke kika ɗaura, ke ce yayarsa, ke ce kuma shaida. Hajiya, ko ni na yarda, kotu ba za ta yarda ba. Kawo mini motar da ke kuka."

* * *

Faruk na fara zargi. Ba a gan shi a gari ba tun ranar, kuma kowa ya san shi da bin hanyoyin daji da asuba. Na ce a raina, wanda ya ce takalminsa bai ƙare ba, wataƙila ya riga ya ɗaura wani a Maraɗi. Na bar Nagoggo yana zagaya bayan gari, na hau mota zuwa Magama, na tsallaka Ɗan Issa.

A harabar duwan, wato kwastan ɗin Nijar, na same shi, zaune a kan bonet ɗin motarsa yana shan shayi. Tun yammacin da aka fara ruwan nan motar ke tsare a wurin saboda takardun kaya. Masu shayi da 'yan kamasho duk sun shaida, har da wani jandarma da ya ce shi ya riƙe makullin. Duk da haka na durƙusa na leƙa wilin. Takalminsa na titi ne, ya cinye saura ƙiris ƙarfe ya taɓa ƙarfe.

Faruk ya yi dariya, ya ce ashe har ƙasar waje nake bin mutane da sufana. Na ce in bai canza takalmin nan ba, ni zan je wa uwarsa ta'aziyya. Dariyar ta tsaya da na gaya masa halin da Sadiq ke ciki. Ya ce ya ji ƙishin-ƙishin a bakin direbobi, Allah ya saka wa Mudathir da alheri, an ce kullum shi ke kai wa Sadiq abinci.

Har na juya zan tafi ya ce yana da ƙorafi. Wai na yi son kai, na ba Mudathir mai kyau na ba ƙanena na banza. Na ce iri ɗaya na ba su.

"Haba Anti. Ranar wasa ina bayansu. A zagayen ƙarshe Sadiq tun daga nesa yake rage gudu, birkinsa ya gaji. Mudathir kuwa sai ya zo kan ganga yake takawa, motar ta kafe. Ana ƙara zagaye yana ƙara riƙo."

Na san abin da na sayar, ba ya yin haka. Na hau motar dawowa.

* * *

Zato ba hujja ba ne, kuma motar Mudathir a gidan Alhaji Barmo take kwana, bayan ƙofar ƙarfe da maigadi. Alhaji shi ya gina masallacin unguwarsu, rabin direbobin Magama a ƙarƙashinsa suke ci. In na buɗe baki da sunan ɗansa ba tare da komai a hannu ba, garejina ba jifa zai sha ba, wuta zai sha.

Kwanakin nan ba wanda ya kawo mini ko facin taya. Duk da haka kullum sai na buɗe, na share duwatsun, na zauna a ƙofa. Inna ta daina cin abinci, ta daina zuwa islamiyya don matan layi sun daina amsa mata sallama. Na je gidan Malam Mahmudu gaisuwa, ko da yake an ce kada in je. Mata suka yi tsit da na shiga. Matarsa Fatimatu na zaune a lungu da goyo, ta amsa gaisuwata, sannan ta tambaye ni ko gaskiya ne an ce direban ya sauko da ƙafa ya koma. Na ce gaskiya ne. Ta ce likita ya ce Malam bai cika nan take ba. Wata tsohuwa ta kama hannuna ta fitar da ni.

A ofishin 'yan sanda na haɗu da Mudathir da kwanon abinci. Ya rame. Ya gaishe ni har ƙasa, ya ce in sha Allahu gaskiya za ta yi halinta. Na lura da ƙafa ya zo. Na tambaye shi ya takalmin da na ba shi. Ya ce lafiya lau, Anti, yana kallon kwanon.

Ranar Asabar da yamma Nagoggo ya zo gareji, ƙafafunsa duk taɓo. Ya ce ya ga wani abu da bai gane ba, shi ya sa ya zo. A bayan siton Alhaji Barmo akwai wani tsohon fagen sussuka. A nan ya tarar da sawun tayar nan tana zagaye, da'ira a kan da'ira, na jiya a kan na shekaranjiya. Ba tsere ba ne, in ji shi, don tafiyar a hankali ce, kuma duk ɗan taƙi tayoyin gaba sai su nutse. Ya duba ƙasan da kyau, babu sawu ɗaya da ya girmi ruwan da aka yi daren rasuwar.

"Mi mutum ka nema yana zagaya wuri ɗaya kamar jakin da aka ɗaure?"

Na ce mu je mu gani da safe.

Muka laɓe bayan tarin kara tun gari bai gama wayewa ba. Jar motar ta fito daga gidan Alhaji tana rarrafe, ta shigo fagen. Fitilun birkinta na kunne tana tafiya, wato ƙafa ɗaya a totur, ɗaya a birki. Kukan ya tashi, siriri, mai shiga haƙori. Ta zagaya, ta zagaya. A hankali kukan ya dinga raguwa har ya ɗauke. Sai da Mudathir ya gwada tsayawa ya ga ta kafe, sannan ya hau titi ya nufi Magama, inda babansa ke aika shi kowace safiya duba motoci. Da ta wuce kusa da mu na ga wilin gaba baƙi ƙirin.

Nagoggo ya dube ni.

"Gasa birkin yake yi, Baba. Yanzu ya san abin da na gaya masa."

Ya tambaye ni me ya hana shi cire abin ya huta. Na ce yaron ya iya sitiyari, bai taɓa riƙe sufana ba. Duk makanikin da ya kai wa a garin nan zai yi magana, in kuma ya ajiye motar, babansa zai tambaya.

* * *

Sufeto Markus ya saurare mu har ƙarshe. Bai kama kowa ba. Ya aika cewa a kawo jajayen motocin uku su kwana a harabarsa don cike bincike, har da ta Faruk da aka sako a ranar. Ya ce washegari da sassafe za a ja su da igiya zuwa kwalbati, ba wanda zai tuƙa.

Safiyar Litinin ta zo da sanyin damina. Mai unguwa ya zo, dangin Malam Mahmudu sun zo, Rahama ta bar murhunta, ga 'yan kallo cike da gefen hanya. Aka fito da Sadiq da ankwa. Alhaji Barmo ya iso cikin babbar riga, aka shimfiɗa masa darduma ya ƙi zama.

Nagoggo ya ja layi da sandarsa inda keken ya faɗi, aka ajiye buhun ƙaiƙayi a wurin. Ya ja wani layin can baya, inda aka ƙiyasta kukan ya fara. Sufeto ya ce kowace mota za ta taho da gudu iri ɗaya, da shi a gefen direba yana kallon allurar gudu, a taka birki a layin farko, a gani. Wani ya ce wannan wasan yara ne na 'yar boko. Sufeto ya ce in wasa ne ba zai ci lokaci ba.

Aka cire wa Sadiq ankwa. Motarsa ta taho, tayoyin suka kulle suka ja burji, ta tsaya nesa da buhun. Ta Faruk ta yi gurnani, ta karkace, amma ita ma ta tsaya kafin buhun.

Mudathir ya matso kusa da Sufeto ya ce a bar shi ya ɗan zagaya, motarsa ba ta son sanyi. Na ce ya kunna inji ya ɗumama shi a tsaye har ya gaji, ba wanda ya hana. Ya ce ba haka yake nufi ba. Sufeto ya tambaye shi to me yake nufi. Ya kalli babansa.

Nan Alhaji ya fusata. Ba da ɗansa ba, da mu. Ya ce shi ya gane inda aka dosa, yarinyar nan so take ta wanke ƙanenta da sunan gidansa. Ya juya ga jama'a yana magana da ƙarfi. Ya ce birkin da ke motar ɗansa babu irinsa daga nan har Kano. Shi da kansa ya sayo a tafiyarsa ta ƙasar waje, ya ce wa mai shago ya ba shi wanda ya fi kowanne, irin na motocin tsere na gaske, ya sa aka ɗaura a Katsina, aka jefar da tarkacen da wata ta ba yaron a kwali. Abin da ke tsayar da mota a gudun tsere, in ji shi, zai kasa tsayar da ita a hanyar ƙauye?

Na ce, "Alhaji, da sanyi zai kasa."

Bai ko kalle ni ba. Ya taka har wurin buhun, ya ture shi da ƙafa, ya tsaya a kan layin ya gyara rigarsa. Mai unguwa ya roƙe shi, Sufeto ya ce ba zai yarda ba. Alhaji ya ce ba mai gusar da shi, ɗansa ne, birkinsa ne.

"Mudathir, shiga ka nuna musu."

Mudathir ya shiga. Sufeto ya zauna a gefensa, na ga hannunsa a kan makulli, don ba shi da niyyar barin motar ta motsa. Bai ma buƙaci hanawa ba. Injin ya tashi, ya yi ta ruri a tsaye. Ta gilashi muna ganin yaron riƙe da sitiyari da hannu biyu, yana kallon babansa can a kan layi.

"Taho mana," in ji Alhaji.

Injin ya mutu. Mudathir ya kifa goshinsa a kan sitiyari. Wurin ya yi tsit har muna jin abin da yake faɗa ta taga.

"Ba za ta tsaya ba, Baba. Na taka tun daga can. Wallahi na taka, na taka, ba ta tsaya ba."

Daga cikin matan da ke gefe wata ta fasa kuka. Wani ƙanen Malam Mahmudu ya tambaya, ba da ihu ba, me ya sa da ya sauko da ƙafa bai ƙarasa saukowa ba. Mudathir bai ɗago ba.

Sufeto ya zare makullin ya fito. Ya karɓi ankwar da aka cire wa Sadiq, ya zagaya ɓangaren direba. Da ya wuce ta gabana ya ce in tafi da ƙanena gida, takardu sa biyo baya.

Sadiq na zaune a ƙasa jikin tayar motarsa. Na sa kafaɗata a hammatarsa na ɗaga shi. Jama'a suka dare mana hanya, kowa idonsa a ƙasa. Na bi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya da kallo, ban yi sauri ba, ba kuma wanda ya ce mana sannu.

Da muka kai kan kwana na waiwaya. An riga an tafi da Mudathir, mutane sun fara watsewa. Alhaji Barmo na nan tsaye shi kaɗai a tsakiyar hanya, a kan layin, yana fuskantar motar da babu kowa a ciki.